Kwanso ya maƙale a dayis, hannun inji kuma ya yi tauri: a taimaka da shawara

Maharbin Houston:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san yawancin hirarmu a nan ta aiki ce da takardu da makarantar yara, amma na tuna akwai masu sana'ar ƙarfe a cikinmu, shi ya sa na kawo kukana. Shekara uku ke nan ina fita farautar barewa a nan Texas da lasisi, kuma bara na sayi tsohon injin ɗura harsashi a hannun wani dattijo da ya daina harbi. Irin mai hannu ɗaya ne na zubin ƙarfe, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Jiya da dare ina matse kwanson harsashi mai lamba .308 don su koma girmansu, sai ɗaya ya shiga dayis ya ƙi fita. Na ɗaga hannun injin da ƙarfi, leɓen gindin kwanson ya yage, mariƙin kwanson ya sauko babu komai. Yanzu kwanso na ciki, ba inda zan kama shi. Ga lokacin farauta ana buɗewa farkon Nuwamba. Me zan yi?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Kafin a ba ka amsa, mu da ba mu san harkar ba, mene ne dayis kuma?

Maharbin Houston:
Bututun ƙarfe ne mai tauri, mai tiredi a bayansa, ana murɗa shi a saman injin. Idan aka harba harsashi kwanson tagulla yakan kumbura kaɗan. To shi injin yana tura kwanson cikin wannan bututu ya matse shi ya dawo daidai, a lokaci guda kuma wata allura da ke tsakiya ta ture tsohuwar firaima, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, ta faɗo. Babu albarushi a wannan mataki, kwanso ne wofi da aka riga aka harba.

Baba Makeri:
Wa alaikumus salam. Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya mini gaskiya. Ka shafa wa wannan kwanson mai kafin ka tura shi?

Maharbin Houston:
Baba, na fesa wa sauran. Wannan na tsince shi ne a ƙasan tebur, na ɗauka yana cikin waɗanda na fesa wa.

Baba Makeri:
To ga ciwon nan. Kwanso mai wuya da kafaɗa kamar kwalba ba ya shiga dayis a bushe ya fito lafiya. Ajiye filaya, ajiye guduma, kada ka ƙara taɓa shi yau da dare. Abin da ya lalace zuwa yanzu kwanso ɗaya ne, ba a bakin komai yake ba. Idan ka karce cikin dayis kuwa, duk kwanson da ya ƙara shiga zai fito da zane a jikinsa.

Ɗan Damagaram:
Ni a ganina ka sa masa wuta. A garejin da nake aiki a nan Greensboro, duk notin da ya ci tsatsa ya ƙi kwancewa, wutar gas muke haska masa minti biyu sai ya saki.

Baba Makeri:
A'a, Malam, kada ya yi. Dabararka daidai ce a kan noti, domin noti ke waje, shi kake gasawa ya buɗe ya saki abin da ya riƙe. Nan kuwa tagulla ce a ciki, ƙarfe a waje, kuma tagulla ta fi ƙarfe kumbura idan ta ji zafi. Kana gasawa tana ƙara cije bangon. Bayan haka dayis ƙarfe ne da aka yi wa tauri a masana'anta, wuta mai yawa za ta iya kashe wannan taurin. Idan ma za a yi wasa da zafi da sanyi, sanyi ne abokinsa: tagulla ta fi ƙarfe tsukewa. Ya ɗiga masa man kwance tsatsa ta sama da ta ƙasa, ya ƙulle a leda, ya kwana a firiza.

Ɗan Damagaram:
Na karɓa, Baba. Ban yi tunanin wanda ke ciki da wanda ke waje ba.

Bakatsine:
Ku yi haƙuri zan katse ku, amma raina bai kwanta da wannan hira ba. Ƙauyen kakannina yau shekara nawa ba a noma gonakin nesa saboda 'yan bindiga. Mu kuma muna zaune a nan muna koya wa juna gyaran injin harsashi da Hausa, a zauren da ake tura saƙonninsa ko'ina. Ya dace kuwa?

Maharbin Houston:
Yaya, na fahimce ka, kuma wallahi ban kawo don in sosa wa kowa ciwo ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A nan doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, ba sai da lasisin tarayya ba. Sayarwa ce ke buƙatar lasisi daga hukumar ATF mai kula da harkar makamai a Amurka, ni kuma ban taɓa sayarwa ko bai wa wani ba. Naman da nake samu shi muke ci har bayan hunturu, har maƙwabta su samu.

Shugaban Zaure:
Maganar Malam Bakatsine tana da nauyi, ba za mu share ta ba. Ga hukuncina. Tambayar da aka yi ta ciro tagulla ce daga cikin ƙarfe da wanke inji, aikin makanike ne, a ci gaba. Amma ba a yarda a rubuta awon albarushi ko yadda ake haɗa harsashi a wannan zaure ba, duk wanda ya rubuta zan goge. Sannan 'yan'uwa na gida su sani wannan magana ta Amurka ce. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gidansa. Aikin hukuma ne, irin na masana'antar DICON da ke Kaduna tun 1964.

Bakatsine:
Na gode, shugaba. Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na ji an ja layi. Zan yi shiru in saurara.

Sabon Zuwa:
Ni ɗalibi ne, wata takwas da zuwa. Wani abokin karatuna ya ce zai ba ni buhun kwanso in riƙa taya shi wankewa a ɗakina. Babu matsala ko, tunda wofi ne?

Shugaban Zaure:
Ƙanena, kada ka karɓa. A dokar tarayya kalmar harsashi ta haɗa har da kwanso da firaima da albarushi, ba sai wanda aka haɗa ba. Mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun dalilai, kamar lasisin farauta mai aiki. Jihohi kuma kowace da nata ƙarin, ɗakunan kwanan makaranta ma da tasu doka. Bizarka ta fi buhun tagulla daraja. In kana sha'awar abin, ka fara ganin lauya.

Baba Makeri:
To mu koma ga mai matsala. Wane irin dayis ne? Idan na kamfanin Lee ne, sandar allurarsu ba tiredi ke riƙe ta ba, wani noti ne mai matse ta. Sai ka sassauta notin, ka sa fanci, wato guntun ƙarfen da ake dokawa da guduma, a kan sandar ka doka a hankali, ita da kanta za ta turo kwanson waje. Haka aka ƙera shi.

Maharbin Houston:
Ba shi ba ne, Baba. Nawa sandar mai tiredi ce, siririya.

Baba Makeri:
To kada ka doke ta, za ta lanƙwashe. Hanyarka ita ce hudawa da jawowa. RCBS da Hornady da Redding duk suna sayar da ɗan kayan cire maƙalallen kwanso, amma abu huɗu ne kawai a ciki, kuma ƙila kana da uku a gareji: bakin diril lamba 7, taf mai yanka tiredi 1/4-20, bol mai irin wannan tiredi, da wani zobe da zai zauna a bakin dayis. Soket na sifana yana maye gurbin zoben.

Ga yadda nake yi. Cire dayis daga inji. Kwance notin sama, ka murɗo sandar allura baya iya inda za ta zo. Ba za ta fita gaba ɗaya ba, domin ƙululun da ke jikinta zai tokare a wuyan kwanso daga ciki, amma aƙalla allurar ta matsa daga hanyar diril. Kada ka tsallake wannan, mutane da yawa a nan suke cinye allurarsu.

Sai ka kifa dayis, gindin kwanso na kallon sama. Ka ɗaure shi a bais, wato matsen ƙarfe na teburin aiki, da katako ko fata a kowane gefe don kada tiredinsa ya mutu. In ba ka da bais, ka murɗa shi a cikin injin ta ƙasa, injin ya riƙe maka. Duba ramin firaima da fitila. Ko dai ta riga ta faɗo, ko ka ga tabon harbi a tsakiyarta. Idan ka ga firaima mai santsi marar tabo, dakata, ka dawo nan mu yi magana, ba a sa diril a kan mai rai. In komai daidai ne, ka huda ta tsakiyar ramin, shi zai yi maka jagora. Tagulla na da laushi kuma tana fizgar diril lokacin da zai ɓulla, saboda haka ka riƙe da kyau, kada ka danna. Sannan taf: ɗigon mai, juyi ɗaya gaba, rabin juyi baya, har ya ratsa. Gindin kwanso yana da kauri, zai ba ka tiredin da ya isa.

Yanzu ɗora soket a bakin dayis, buɗaɗɗen gefen yana kallon ƙasa. Gindin .308 wajen milimita 12 ne, soket 13 ko 14 zai haɗiye shi ba tare da ya taɓa shi ba. Washa biyu a sama, ka zura bol ta cikinsu ya kama tiredin da ka yanka, ka yi ta murɗawa sannu. Da fari za ka ji kamar ba abin da ke motsi, daga nan ka ji ƙas, ya saki. Idan sandar allura ta biyo kwanson, ka yanke kwanson da ƙaramin zarto ka ciro ta.

Ɗan Damagaram:
Wannan ai irin fula ce da muke ciro boris da ita.

Baba Makeri:
Ita ce sak. Bol yana jan kwanso a miƙe, ba ya girgiza shi, ba abin da ke taɓa bangon ciki.

Amma akwai abin da ke damuna a labarinka, ɗana. Busasshen kwanso yana gaya wa hannu tun bai kai rabi ba. Yakan yi nauyi, wani lokaci har da ƙara kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Mai aikin nan da hannu yake ji, ba da ido ba. Ya aka yi ka tura shi har ƙarshe ba ka ji ba?

Maharbin Houston:
Gaskiya, Baba, hannun injin ya daɗe da tauri. Tun lokacin zafi nake sa ƙarfi ko babu kwanso a kai. Idan na sake shi a tsakiya ma tsayawa yake cak, ba ya sauka. Na ɗauka halin tsohon inji ne.

Baba Makeri:
Ba halinsa ba ne. Irin waɗannan injinan ana gadonsu daga kaka zuwa jika suna tafiya sumul. Ashe ciwonka biyu ne, kuma na biyun shi ya haifi na farko. Injin da ya yi tauri ya kashe maka jin hannu, ka saba da danna ƙarfi, ranar da kwanso ya yi maka magana ba ka ji shi ba. Sauke hannun har sandar da ke tura kwanso ta fito duka, ka shafa ta da farin ƙyalle, ka gaya mini abin da ka gani.

Maharbin Houston:
Baƙi ƙirin, mai tsakuwa-tsakuwa kamar an kwaɓa toka da giris. A ƙasa kuma akwai jan tsatsa.

Baba Makeri:
Baƙin nan tokar tsofaffin firaima ce. Duk wadda allura ta ture, ƙurarta na zuba a kan sandar, ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar samfefa, tana cin sandar tana cin ramin da take bi. Tsatsar kuma raɓar garinku ce, Houston kusa da teku take, gareji ba ya bushewa.

Ka ɗauki hoton gaɓoɓin injin ta kowane gefe kafin ka kwance komai. Cire ƙananan zobban da ke riƙe da fil-fil ɗin, ka sa su a kwano domin tsalle suke yi su ɓace. Fil ɗin da ya ƙi fita a jiƙa shi da man kwance tsatsa ya kwana, a tura shi da fancin tagulla. Jikin injin zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, saboda haka babu babbar guduma. Sandar a wanke da kananzir ko abin wanke fenti mai sauƙi. Tsatsar a goge da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, tare da mai. Ban da samfefa. In ka rage kaurin sandar za ta riƙa lilo a raminta, kwanso ya riƙa shiga dayis a karkace, wannan kuma ba shi da magani. Ramin ma a zura masa ƙyalle har ya fito fari. Ka duba tsagin da mariƙin kwanso ke shiga, da ɗan sifirin da ke riƙe shi, datti na taruwa a nan ya hana shi zama daidai.

Ɗan Damagaram:
Nan kam zan yi gardama, Baba. Idan ya gama, giris ya kamata ya sa, ba mai ba. Mai zai tsiyaye cikin mako guda.

Baba Makeri:
A fil-fil na gaɓoɓi na yarda da kai, ɗan giris kaɗan, domin nan ne nauyi yake kuma ƙura ba ta kai can sosai. A kan sanda kuwa giris tarkon toka ne. Siririn mai, a shafa a goge, har ya zama sheƙi kawai ake gani.

Ɗan Damagaram:
Ni dai da na ga ƙarfe na gogar ƙarfe, giris nake sa wa, ban taɓa nadama ba. Amma injina ba sa zubar da toka, to kowa ya riƙe nasa.

Uwar Biyu:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ba ruwana da ƙarfe, amma da aka zo maganar baƙar tokar nan dole in sa baki. Malam Maharbi, akwai yara a gidan?

Maharbin Houston:
Akwai, Hajiya. Uku, ƙaramar shekararta biyu. Babban yakan shigo gareji ya taya ni tsince kwanso.

Uwar Biyu:
To don Allah ka saurare ni. Yawancin firaima ana yin su ne da sinadarin dalma, kuma wannan baƙar ƙurar da ka shafo a ƙyalle akwai dalma a cikinta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yar Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba wani abu ya kawo ta ba illa dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Ban ce garejinka ya kai can ba, ko kusa. Amma hanyar ɗaya ce: ƙura, hannu, baki. Likitoci kuma ba su san wani awo na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa tun ba a ga alama ba.

Idan za ka wanke injin ka sa safar hannu. Kada ka hura da iska, kada ka share da busasshiyar tsintsiya, jiƙaƙƙen ƙyalle za ka bi da shi ka jefar a leda. Takalmin gareji ya tsaya a gareji. Ba ci ba sha a wurin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yarinyar. Abin da ke girgiza kwanso yana goge su, shi ya fi komai tayar da ƙura, kada a buɗe shi yara na kusa. Kuma in ka kai su asibiti ka gaya wa likitansu aikin da kake yi a gida, ka nemi a gwada jininsu. Gwaji ne mai sauƙi.

Ni ban ma so dayis ɗin nan ya kwana a firizar abinci ba, ko a cikin leda.

Baba Makeri:
Hajiya ta fi ni gaskiya, na janye maganar firizar gida. In akwai ƙanƙara a cikin kular ajiye kayan sanyi, ya sa shi a leda biyu ya nutsa a ciki a can gareji. In babu, bol kaɗai ya isa.

Maharbin Houston:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Jikina ya yi sanyi. Yaron nan da hannunsa yake ware mini kwanso, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Bakatsine:
Na ce zan yi shiru, amma wannan kam gara da aka yi hirar. Allah ya tsare mana zuri'a.

Maharbin Houston:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Alhamdu lillahi kwanson ya fito, da soket 14 da washa biyu. Ƙas ɗin da Baba ya faɗa har sai da na firgita, na ɗauka bol ne ya karye. Na leƙa cikin dayis da fitila, babu karce, sai ɗan jan tagulla da ya manne kusa da baki. Injin kuma na warware shi duka. Fil ɗaya sai da ya kwana a mai. Yanzu idan na saki hannun da kansa yake sauka, ban san haka ake jinsa ba tun da na saya. Abu ɗaya ya rage: allurar ta lanƙwashe. Kuma da na yanke kwanson na ga ragowar ƙananan huda biyu ne a gindinsa daga ciki, a gefen ramin da diril ya yi, ashe asali ba ɗaya ce a tsakiya ba.

Baba Makeri:
Madalla. To ashe baƙo ne ma ya shigo cikin kayanka. Mai huda biyu shi ake kira Berdan, ana yawan samunsa a harsashin soja na ƙasashen waje, allurarka ba ta da inda za ta bi, ƙarfen gindi ta tokara. Naka na yau da kullum mai huda ɗaya shi ne Boxer. Abin mamaki, Berdan ɗan Amurka ne amma Turai ta rungumi nasa, Boxer ɗan Ingila ne, Amurka ta ɗauki nasa. Ka tsince shi a filin harbi ko?

Maharbin Houston:
E, na kwaso wasu a ƙasa watan jiya, na zuba cikin nawa.

Baba Makeri:
Ka juye bokitin duka, ka leƙa kowane ɗaya da fitila, mai huda biyu a ware. Na soja ko da mai huda ɗaya ne yakan fi kauri, wanda aka harba a bindiga mai sarrafa kanta kuma ya fi kumbura, yana son mai sosai. Allura ka sayi fakiti, ba tsada, ka mirgina sandar a kan gilashi ka ga ko ita ma ta karkace. Jan tagullar da ya manne ka cire shi da maganin wanke bututun bindiga mai narkar da tagulla, ka goge, ka bushe. Akwai ɗan ƙaramin rami a gefen dayis na fitar iska, ka zura masa siririyar waya. Game da man kwanso, ni na fi son irin na gwangwani mai kama da kakin zuma, wanda ake shafawa da yatsa, domin kowane kwanso sai ya bi ta hannunka, ba wanda zai tsallake. Jiki da cikin wuya kawai, ban da kafaɗa, in mai ya taru a nan zai lotsa ta. In kuma feshin za ka ci gaba da shi, ka bar shi ya sha iska 'yan mintoci kafin ka fara.

Uwar Biyu:
Yaran fa?

Maharbin Houston:
An ba mu ranar Talata da safe, Hajiya, su ukun duka. Ni ma na ce a haɗa da ni. Na sa kwaɗo a ƙofar gareji ta cikin gida.

Uwar Biyu:
To ka dawo ka gaya mana sakamakon. In uwargida ita ke wanke kayan da kake sawa a garejin, a riƙa ware su daga na yara, ita ma a gwada ta.

Ɗan Damagaram:
Malam, kada ka jefar da soket ɗin cikin sauran kaya. Ka ɗaure shi da bol ɗin da taf ɗin a leda ɗaya ka rataye kusa da injin. Baba, ina da wata tambaya ta daban a kan bais ɗina da ke sakin kaya, in buɗe sabon zance ko in yi a nan?

Shugaban Zaure:
Buɗe sabo, Malam. Wannan a bar shi a buɗe har ranar Talata.